Jirgin da Babu Shi a Labarin Kaka

Matso da kujerarka nan kusa da ni, kada sai na ɗaga murya, don waɗanda zan yi maganarsu suna cikin gidan nan. Wani abu ne ya faru a barandata ranar Lahadi, ya tono mini wata tsohuwar kunya da na sha ina 'yar shekara tara, kuma tun ranar nake neman wanda zan faɗa wa.

Sunana Asabe. A Kafanchan aka haife ni, a nan na yi aure, a nan nake tsufa. Ba ni da ƙafar yawo. In ba coci ko kasuwa ba, a barandar nan za ka same ni da faranti a cinya ina tsintar wake. Shi ya sa duk maganar da aka yi a gidan nan sai ta biyo ta kunnena, ko an gayyace ni ko ba a gayyace ni ba.

Sati uku ke nan 'yata Rifkatu ba ta da zance sai na wani fim mai dogon zango na ƙasar waje, wanda ko fitowa bai yi ba. Ita da ƙawarta Hauwa'u, 'yar Alhaji Sule mai shagon atamfa a kasuwa, da Bulus ɗan yayata, mai gyaran waya. Duk manya ne fa, kowa da aikinsa. Amma da mun taso daga coci, Hauwa'u ta yi sallar azahar ta iso, sai su haɗa kawuna a kan waya ɗaya har rana ta yi sanyi.

Yadda na fahimta, wai duniya ce ta gaji ta daina ba da abinci, sai aka zuba mutane cikin wani ƙaton jirgi mai girman gari guda, aka nufi wata duniyar can bayan taurari. Tafiyar ta fi ran mutum tsawo. Waɗanda suka shiga ba su ne za su sauka ba, sai jikokinsu. A cikin jirgin akwai gona, akwai makaranta, akwai wata na'ura mai magana da ke lura da iskar da suke shaƙa. Ni kam daga jin haka abin ya burge ni. Wanda ya zauna ya ƙago wannan, kansa na aiki.

To tunda fim bai fito ba, me suke kallo? Hirarraki. Ana zaunar da 'yan wasan a kan kujeru masu laushi ana yi masu tambayoyi, su kuma suna yabon fim ɗin suna ƙin faɗin abin da zai faru. Akwai jarumar da ta fito a shugabar gona, doguwa baƙa kyakkyawa, Rifkatu kamar ta haɗiye ta don so. Wai sai da ta yi watanni tana koyon noma saboda wannan aiki. Aka nuno ta riƙe da fartanya. Na leƙa na ce, "Allah ya ba ta lada, amma da wannan riƙon ko gwaza ba za ta tono ba."

Turancina na kasuwa ne, ba ya iya bin irin nasu mai gudu. Amma a hira ta uku na ɗago kai na ce, "Wannan ai kun sa ta ɗazu."

"A'a Mama, sabuwa ce," in ji Rifkatu. "Ba ki ga rigarta daban ba?"

"Rigar ce daban, maganar ɗaya ce. Ku saurara. Yanzu za ta yi shiru kaɗan, ta ja numfashi, sannan ta yi dariya."

Ta yi shirun, ta ja numfashin, ta yi dariyar. Bulus ya kwanta a tabarma yana buga ƙafa. Ni dai ban ga laifin baiwar Allah ba. Wanda aka yi wa tambaya ɗaya sau arba'in, dole ya nemi amsar da ba ta gajiya. Kuma dariyar tata na da daɗi, ko ta ukun.

Ga inda rigimar take. Rifkatu ta buɗe gurup a waya, mutum kusan arba'in, an shirya ranar da kashi na farko zai fito kowa ya zo tsakar gidanmu. Bulus zai aro na'urar haska bango, a rataya farin zanin gado. Ashe masu fim ɗin sukan fara nuna wa wasu mutane kaɗan kashi biyu na farko, su rubuta abin da suka gani kafin kowa ya gani. Rifkatu na karantowa tana juya mana da Hausa. Yawanci yabo ne: hoton ya yi kyau, jirgin kamar ka miƙa hannu ka taɓa, kiɗan na tayar da tsigar jiki. Sai ta zo kan sharhin wata mata, muryarta ta yi ƙasa. Matar ta ce fim ɗin na da kyau ƙwarai, amma farkonsa a hankali yake tafiya. Wutar da fashe-fashen da aka nuna a tallar fim ɗin babu ko ɗaya a kashi biyun nan. Mutane ne suna shuka, suna gardama a kan ruwa, wata tsohuwa na koya wa yara sunayen tsuntsayen da ba za su taɓa gani ba. Wanda ya zo don harbi, barci zai yi.

"Kada ki kuskura ki sa wannan a gurup," in ji Bulus.

"Don me? Ai yabo ta yi."

"Wane irin yabo? Samarin layinmu suna jin 'shuka' an gama. Mutanen da suka gudo daga gonar citta za ki ce su zo su kalli noma a sama? Ki sa masu tallar nan mai wuta. In sun zo sun zauna sa gani da idonsu."

Hauwa'u ta ce, "Injiniya, haka kake yi wa masu kawo maka waya ko? Ka ce minti biyar, mutum ya yi sati yana zarya."

"Hajiya, ke da kowace atamfa sai kin rantse ba ta zuba?"

"Tamu ba ta zuba."

Rifkatu ba ta yi dariya ba, kuma na san dalili. Tun da ta dawo daga Kaduna bara, aikin da ta je nema bai samu ba, ba ta cika shiga mutane ba. Wannan ne karo na farko da na ga ta kira jama'a da bakinta. In aka jera benci ba wanda ya zo, ni na san ɗakin da za ta koma ta rufe. Ta juyo ta ce, "Mama, ke me kika ce?"

Sai na ajiye farantin. Ga abin da na faɗa masu, sai dai kai zan ba ka da ɗan tsawo.

Lokacin muna zaune a bayan kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa. Kakata ta wajen uba ta sauko daga ƙauyenmu na kan dutse ta zauna da mu bayan rasuwar mijinta. 'Yar gajeruwa ce, kullum da tukunyar taba a gefen baki, ko da wuta ko babu. Da an ci tuwo rana ta faɗi, sai ta jawo kututture zuwa murhun waje, ta binne gyaɗa a toka mai zafi, yaran unguwa su fara sulalowa. 'Ya'yan ma'aikatan jirgi ne, Tibi da Ibo da Yarbawa, ga 'ya'yan Hausawan kasuwa, ga mu 'yan gida. Saboda su ta ajiye yarenmu ta koma ba da labari da Hausa. Hausarta kuwa ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "kai" ne, kowa "ya" ne, kuma ba wanda ya taɓa gyara mata.

Takan fara da, "Kunne ya zo?"

Mu ce, "Ya zo."

"Baki fa?"

"Ya tafi."

Tsofaffin labarai tana maimaita su yadda muke so. Amma wani lokaci, musamman in an haƙo citta ana zaman tsaga ta da wuƙa ana shanyawa, sai ta ɗinka sabo da kanta. Ta tsinto wani abu daga bakin Fulanin da ke kawo nono, wani daga matan kwatas, ta haɗa. Kuma tana da al'ada: ba ta sakin sabon labari sai an ɗanɗana. Da rana, ana cikin aiki, za ta kira yaro ɗaya ta ba shi rabin farko, ta tsaya, ta ce, "Ya ji gishiri?" In ya ce ya ji, shi ne zai zaga unguwa ya sanar. Dokarta ɗaya ce: abin da harshenka ya ji shi za ka faɗa, ba ragi ba ƙari.

Ka ga mai ɗanɗano a ranar, sarki ne. Yara na biye da shi har bakin famfo. Akwai dodo? Akwai waƙa? Wani ya mutu? Shi kuma yana ja masu rai, yana cewa ba zai faɗa ba. Yayana Ayuba ne ya fi samun wannan matsayi, ni ko sau ɗaya ba a taɓa kirana ba, wai bakina ba ya rufuwa.

A shekarar nan wani direban jirgi ya sayi talabijin, ya riƙa juyo ta wajen taga da yamma. Cikin sati guda murhun Kaka ya koma mutum uku: ni, da ƙanwata da ke barci tun kafin a ce kunne ya zo, da wani ɗan maƙwabta da uwarsa ta hana shi zuwa kwatas. Har Ayuba ya gudu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Kaka ba ta rage gyaɗar ba. Kullum ta mutum ashirin take binnewa, da safe ta tone ta zuba a ƙwarya ba tare da ta kalli kowa ba.

Wata rana muna tsaga citta, yatsuna na zafi, ta ce, "Asabe, zo ka ji."

Ta ba ni rabin labarin. Wai wani gari ne aka yi ruwa kwana da kwanaki har wutar kowane murhu ta mutu. Babu wuta sai a wani dutse mai nisa. Aka aiki wanda ya fi kowa gudu, ya ɗebo garwashi, amma iskar gudunsa ta cinye shi tun kafin rabin hanya. Aka aiki ƙaton garin, ya saɓo kututture mai ci, ya ƙona masa kafaɗa ya yar a rafi. Sai wata mace mai ɗingishi ta ɗauki fasasshen kasko da busasshen kashin shanu ta kama hanya. Ta samo wutar. Ta yi taku goma, ta tsaya, ta hura. Ta yi taku goma, ta tsaya, ta ƙara kirare.

Nan Kaka ta tsaya. "Ya ji gishiri?"

Gaskiya a raina na ce wannan tafiyar yaushe za ta ƙare. Amma akwai wani abu a yadda take cewa "ya tsaya, ya hura" da ya sa ni ma na riƙe numfashina. Na ce ya ji.

Na tafi bakin famfo da yamma inda yara ke layin ruwa. Na ce Kaka na da sabo yau, kuma ni na ɗanɗana. Suka kewaye ni kamar da, har na ji daɗi. Wani Sule, ɗan masu atamfa, ya ce, "Akwai faɗa?"

Na ce babu.

"Dodo fa?"

Babu.

"To mene ne a ciki?"

Na buɗe baki zan ce wata mace ce mai ɗingishi ke tafiya da kasko, sai na ga idanunsu sun fara komawa wajen kwatas. Daidai lokacin wani kan jirgi ya yi kuka a tasha. Ban san sa'ad da na ce, "Akwai jirgin ƙasa mai tashi sama. Yana zuwa har wurin rana ya ɗebo wuta. Direbansa kansa na ƙarfe ne."

Yaran da suka tashi a gefen layin dogo, ka ce masu jirgi zai tashi sama. Ranar ba wanda ya je tagar direba. Tsakar gidanmu ta cika har wasu na zaune a kan turmi. Kaka ta leƙo ta gani, ta koma ɗaki ta ɗauro ɗankwalinta na zuwa coci. Ta dube ni ta gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan har yau ban manta da shi ba.

Ta fara. Mai gudu ya tafi ya dawo hannu wofi, aka yi dariya. Ƙato ya ƙone, aka yi dariya. Mai ɗingishi ta ɗauki kasko. "Ya yi taku goma, ya tsaya, ya hura." Kaka ta hura iska a tafin hannunta. "Ya yi taku goma, ya tsaya, ya hura." Na ji an fara motsi a baya. Wani ya yi hamma da ƙarfi. Sai Sule ya ce, "Kaka, yaushe jirgin zai zo?"

"Wane jirgi?"

"Mai tashi sama. Asabe ta ce akwai."

Kaka ta cire tukunyar taba daga baki. Ba ta yi mini tsawa ba, kallona kawai ta yi, ba ma da daɗewa ba. Ina da damar in ce ƙarya suke yi mini, amma mutum ashirin ne suka ji. Na san ta iya ɗinka jirgin nan take ta cusa shi a labarin, ba wanda zai gane, kuma a raina roƙonta nake yi ta yi hakan. Sai ta ce, "Babu jirgi a nan. Wanda ya zo don jirgi, tasha yana can, bai yi nisa ba."

Suka fara tashi. Wasu har da cika aljihu da gyaɗa. Wata yarinya ta dangware ni a kai tana wucewa ta ce, "Maƙaryaciya." Da ƙafafu suka lafa na ƙirga, mu bakwai muka rage. Sule na ciki, ina jin kunyar tashi ce ta kama shi tunda shi ya yi tambayar.

Kaka ta mayar da tukunyar taba, ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta gajarta ko taku ɗaya ba. Matar nan ta yi ta tafiya har ta haihu a hanya, har kanta ya yi fari, har ta mutu a gindin wata ɗorawa. 'Yarta ta karɓi kaskon. Ita ma ta tsufa a hanya ta miƙa wa tata 'yar. Ranar da jikar ta iso garin, ba wanda ya san da zancenta. Waɗanda suka yi aiken sun mutu, 'ya'yansu sun saba da ɗanyen abinci, ba su taɓa ganin wuta ba. Suka ga abu ja na motsi a kasko, suka ɗauko sanduna suka ce ta fitar masu da shi. Ba ta yi gardama ba. Ta koma bayan gari ta zauna, ta tono doya ɗaya ta ɗora a kan wutar. Iska ta ɗauki ƙamshin ta shiga da shi gari. Wani ƙaramin yaro ya fara fitowa yana bin hancinsa, sannan uwarsa ta biyo shi da niyyar duka, ta zo ta tsaya ita ma.

"Na sauke," in ji Kaka. Haka take rufewa.

Sule, wanda ya zo don jirgi, ya ce a hankali, "Ita kakar ba ta ci doyar ba ke nan."

Kaka ta ce, "Bai ci ba."

Washegari na zauna tsaga citta nesa da ita ina jiran hukunci. Ta bar ni har rana ta take, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Waɗanda suka tafi jiya, ba labarina suka ƙi ba. Ba su ji shi ba ma. Kunnensu yana tasha yana jiran jirginka." Ta tsaga wata cittar. "Kai ka ce akwai jirgi. To yau kai za ka kawo shi."

Da yamma ta zaunar da ni a kan kujerarta, ita ta koma tabarma cikin yara shidan nan. Na ce wani jirgi ne ya tashi sama, ya je wurin rana, ya ɗebo wuta, ya dawo. Shi ke nan, labarina ya ƙare tun gyaɗa ba ta yi zafi ba. Ashe jirgin ne kawai da ni, babu kowa a ciki.

Kaka ta ɗaga hannu kamar 'yar makaranta. "Direban nan mai kan ƙarfe, yana da uwa?"

Aka yi dariya. Na ce yana da ita.

"Ya san ɗansa zai je wurin rana?"

Na yi tunani na ce bai faɗa mata ba, don za ta hana shi.

"To wa ya ɗaure masa guzuri?"

Haka ta yi ta yi mini, tambaya bayan tambaya. Me yake ci a hanya? In kan nasa ya yi zafi da me yake fifita shi? Da ya isa, da wane abu ya ɗebi wutar? Sule ya ce ai ya manta kasko a gida. Wani ya ce to sai ya cire kansa na ƙarfe ya ɗebo a ciki. Wata ta ce in ya cire kai da me zai ga hanyar dawowa? Muka yi ta ja har uwayenmu suka fara kira daga gidaje. Kaka na dariya har da tari. Da muka tashi ta ce mini, "Yanzu ya fara jin gishiri."

Ba zan yi maka ƙarya ba, unguwa ba ta dawo ba. Talabijin ta ci. Amma mu bakwai ɗin nan ba mu ƙara fashi ba har shekara huɗu, har ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Ba ta sake ba ni ɗanɗano ba kuma. Ba fushi ba ne, ko ta ba ni ba wanda zai yarda da bakina a famfo. Sule ta riƙa kira.

Da na kai nan Hauwa'u ta ce, "Tsaya Mama. Wane Sule? Babana?"

"Shi fa."

"Baban da ko labaran ƙarfe bakwai ba ya kaiwa ƙarshe sai ya yi barci?"

"Je ki tambaye shi wa ya ci doyar."

Bulus kuwa tashi ya yi zaune, fuskarsa na walƙiya kamar wanda ya kama ɓarawo. "Mama, ai ni kika goya wa baya ba ki sani ba. Kafin ki yi ƙaryar ku nawa ne? Uku. Bayan kin yi fa? Bakwai. Da kin ce masu mai ɗingishi ce da kasko, Alhaji da ƙafarsa ba zai zo ba."

Shekara arba'in da wani abu ina ɗauke da labarin nan a matsayin ranar da na kunyata kakata, ban taɓa juya shi ta wannan gefen ba. Yaron nan gaskiya ya faɗa. Huɗun da suka ƙaru, ƙaryata ce ta kawo su.

Amma na ce masa akwai abin da ƙirga ba ya nunawa. Ni na ga fuskarta lokacin da ta ɗauro ɗankwalin coci tana tsammanin labarinta aka zo ji. Kuma cikin goma sha ukun da suka tashi, na san akwai waɗanda da sun zo da kunnen mai ɗingishi da sun zauna. Yarinyar da ta dangware ni, ita ce ta fi kowa son labari mai sa kuka. Ni na toshe mata kunne tun daga bakin famfo, ba ta ƙara takowa gidanmu ba.

Rifkatu ta ɗauki wayar. Sannan ta fara rubutu, ta karanta mana kafin ta tura. Ta sa tallar nan mai wuta, don wutar ma tana cikin fim ɗin, sai dai can gaba. A ƙarƙashinta ta sa sharhin matar nan gaba ɗayansa. Ta ƙara da nata: "An ce farkonsa a hankali yake, shuka ce da hira, wutar sai daga baya. Ni dai zan kalla. Mai zuwa ya zo da haƙurinsa."

Kafin Hauwa'u ta gama yafa gyalenta mutum biyar sun fita daga gurup. Wani ya rubuto, "Noma kuma? Abeg, a ƙyale ni." Bulus ya nuna mini wayar. Na kalli Rifkatu, na ga ba ta tashi ta shiga ɗaki ba. Can sai ga saƙo daga wata 'yar ƙungiyar mawaƙan cocinmu, wadda tun da aka buɗe gurup ɗin ba ta taɓa cewa uffan ba. Tambaya take ko za ta iya zuwa da mamanta, wai tsohuwar ba ta son fim mai harbi, amma wannan na masu koya wa yara sunan tsuntsaye tana so ta gani.

Fim ɗin dai sai sati mai zuwa. Ban san ko zai yi kyau yadda ake faɗi ba, ban san mutum nawa za su zo ba. Da ina yarinya na ɗauka darasin Kaka shi ne kada ka yi ƙarya, irin wanda ake koya mana a makarantar Lahadi. Yanzu da na tsufa na ga abin ya fi haka nauyi. Wanda ya riga kowa ɗanɗanawa, kunnen mutane ne a hannunsa, yadda ya saita shi haka za su shigo da shi. Kaka ta yarda tsakar gidanta ta zama wofi a gaban idonta, amma ba ta yarda ta cusa wa labarinta abin da ba nasa ba. Ina ganin girmanta a kan haka har gobe. Sai dai maganar Bulus ma ta ƙi fita daga raina, don huɗun nan mutane ne, ɗayansu har yau in na shiga shagonsa sai ya tashi ya ba ni kujera.

Kai fa, da a ce kai ne ka ɗanɗana, yara sun kewaye ka a bakin famfo suna tambaya ko akwai faɗa, kana kuma sane tsohuwa na can gida ta binne gyaɗar mutum ashirin a toka, me za ka ce masu?